Shagon da ya buga mini rahoton ruwan rijiya

Duk wanda ya yi kwas ɗin rubuta rahoton fasaha ya san aikin kashi biyu ne. Akwai binciken kansa, akwai kuma fitar da shi a takarda yadda malami zai yarda ya karɓa. Kashi na biyun ne ya kai ni wani shagon buga takardu a layin shagunan da ke fuskantar ƙofar makarantarmu a nan Sakkwato. Abokan karatu suna ta tambayata ko su kai nasu can, to gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ku kai, amma ku kai aikin da kuka gama da hannunku, kuma kada ku tashi daga bencin sai kun karanta kowace lamba da idonku.

Ni ma'aikaci ne, karatun yamma nake yi, kuma na girmi yawancin 'yan ajinmu. Rahotona a kan ingancin ruwan rijiyoyi da na 'yan garuwa ne a Mabera. Na ɗebo ruwa, an auna a ɗakin gwaji, na gwada sakamakon da ma'aunin ruwan sha na Najeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, da kuma na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aunin Najeriyar ba ya wasa: pH, wato awon tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5, dagulewar ruwa, wadda ake aunawa da NTU, kada ta wuce 5, sinadarin nitiret kada ya haura miligiram 50 a lita, ƙwayar cutar E. coli kuwa ko ɗaya ba a yarda a samu a mililita 100 ba. Na kuma yi bayanin taurin ruwa, wato yawan ma'adinan dutse da suka narke a cikinsa, tun da yankinmu na dutsen farar ƙasa ne, abin da ya zaunar da masana'antar siminti a Kalambaina tun shekarun 1960. Rahoto irin wannan cike yake da jadawali da alamomi, kuma a nan ne ake gane shagon da ya iya aiki.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Kwamfutoci uku a jere, babban injin fotokwafi a kusurwa, firinta mai launi a lulluɓe da tsumma saboda ƙura, sai fankar sama da ke juya iskar zafi. Mai shagon saurayi ne mai natsuwa, 'yan layin suna ce masa Injiniya, da yara biyu masu buga rubutu. Ya buɗe fayil ɗina, ya gangara ƙasa ya hau sama, sai ya juyo.

"Yallaɓai, wagga ƙumshiya da hannu anka jera ta ko?"

Na ce, "Awo."

"To in malam ya ce a ƙara layi biyu a babi na ɗaya, duk lambobin ga sun tashi aiki. Bari ka gani."

Abin da ya yi daga nan shi ne babban dalilin da zan tura mutum wurinsa. Ya bi kanun babi da ƙananan kanu ɗaya bayan ɗaya ya saka musu salon kanu na manhajar Word, ya danna, ƙumshiya ta fito da kanta, kowane kai da lambar shafinsa. Haka ya yi wa jerin jadawalai da jerin hotuna. Sannan ya raba fayil ɗin gida biyu, ta yadda shafukan farko, wato sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙumshiya, suka ɗauki lambobin Rumawa, babi na ɗaya kuma ya fara daga 1. Wanda bai taɓa kokawa da wannan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A ajinmu na ga wanda ya buga shafukan farko daban, sauran daban, ya haɗa da hannu, don ya rasa yadda zai yi. Akwai wani faffaɗan jadawalina da ya ƙi shiga shafi. Ya kwantar da wannan shafin kaɗai ya bar sauran a tsaye. Gefen hagu ya ba shi inci ɗaya da rabi don kada ɗinki ya cinye farkon layi. Harafi Times New Roman mai girman 12, tazarar layi biyu, kamar yadda takardar ƙa'idar sashenmu ta ce. Kuma bai ɓoye hannunsa ba. Ya juyo da allon wajena yana nuna mini inda yake dannawa, har na rubuta a bayan littafina. Wasu masu shago ɓoye irin wannan suke yi don ka dawo gobe.

Sai manazarta. An ce mu bi tsarin jera manazarta da ake kira APA, bugu na bakwai, wanda ya fito a 2019. Injiniya ya san an daina rubuta garin da aka buga littafi, ya san in marubuta sun kai uku to sunan na farko kawai ake kawowa a cikin rubutu tun daga ambaton farko. Ya jera mini su bisa haruffa, ya tura layi na biyu ciki. Iyakar saninsa ke nan, kuma ban ga laifinsa ba. Ba zai gane ko madogarar da ka kawo a babi na biyu tana cikin jerin ƙarshe ba, balle ya san ko marubucin ya faɗi abin da ka jingina masa. Wannan naka ne. Ni dai maƙalun da na dogara da su a Google Scholar na samo wasu, wasu kuma kundaye ne da na zauna na karanta a ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kowanne na rubuta shafinsa tun a wurin.

Yanzu ga inda suka ɓata mini rai. Babi na huɗu, na sakamako, a rubuce na kawo wani sashensa da biro, na ba ɗaya daga cikin yaran ya buga. Yaron yana da sauri, hannunsa kamar ba ya taɓa madannai, amma ido ɗaya yana kan takarda ɗaya yana kan waya. Da na karɓi gwajin farko na zauna da jan biro, sai na ga 0.5 ta koma 05 a wuri ɗaya, 7.2 ta koma 72 a wani. Ruwan da pH ɗinsa ya kai 72 babu shi a duniya, ma'aunin a 14 ya tsaya. Ƙaramar 3 da ke ƙasan NO₃, alamar nitiret, ta hau layi ta zauna daidai da sauran, alamar µ ta zama ɗan akwati, mg/L kuma, wato miligiram a lita, ta zama ml a layuka da dama. A wasiƙar neman aiki kuskuren harafi abin dariya ne. A rahoton fasaha ɗigo ɗaya yana mayar da ruwa mai kyau guba. Da na nuna masa sai ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, malam ba ya duba wanga wuri." Malaminmu kuwa daga jadawali yake fara karatu, kafin ma ya kalli gabatarwa. Injiniya ya yi wa yaron faɗa, ya gyara da kansa, bai caje ni kuɗin sake bugawa ba. Na yaba da haka, amma da ban duba ba haka za a ɗinke shi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ina zaune ina jira, ɗayan yaron ya matso ya rage murya: "Baba, mi za ka wahal da kanka? Akwai wanda anka yi bara kan ruwan Arkilla, sai mu canza suna da unguwa." Ya buɗe mini wata jaka a kwamfutar, ga rahotanni da furojet na ɗaliban da suka wuce jibge, an jera su sashe-sashe. Mai shagon yana jin mu, bai tanka ba. A gabana wata ɗaliba ta zaɓi ɗaya kamar mai zaɓen atamfa a Tsohuwar Kasuwa. Ba shagon nan kaɗai ke yi ba, duk layin haka ne, amma yawan masu yi bai wanke shi ba. Makarantu da dama yanzu suna saka aikin ɗalibi a manhajar Turnitin don gano satar fasaha. Ko ba manhaja ma, malami ya tambaye ka yaya ka ɗebo ruwan, a wace irin kwalba, awa nawa ya yi kafin ya isa ɗakin gwaji, nan take asiri zai tonu. Kwas ɗin an sa shi ne don ranar da shugabanka a wurin aiki zai ce ka rubuto masa dalilin da famfon unguwa kaza ya daina kawo ruwa, kuma ranar babu jakar da za a buɗe maka.

Bugun kansa ba laifi. Takarda A4 ce mai nauyin giram 80, ba sharara ba, rubutu ba ya leƙowa ta baya. Sai dai ka nemi a buga maka shafi ɗaya ka gani tukuna, don in tawadar ta kusa ƙarewa sukan ciro kwanson su girgiza su mayar, rubutun ya fito fari-fari da zane a tsakiya. Shafi mai launi ya ninka baƙi kuɗi nesa ba kusa ba, don haka taswirar unguwa da hotunan rijiyoyi kaɗai na buga da launi. Zanen sakamako kuwa Injiniya ya ba ni shawarar in bambanta sandunan da ɗigo-ɗigo da layi-layi maimakon ja da shuɗi, su fito ko a baƙi da fari. Shawarar ta rage masa ciniki, amma ya bayar.

In an ɗauke wuta suna tayar da janareto, farashi kuma ya ɗan hau. Suna faɗa kafin su fara. Suna karɓar tiransifa. Filashinka kada ka soka a kwamfutocinsu, na ga na wani ya fito duk jakunkunansa sun zama shortcut da ba sa buɗuwa. Tura ta WhatsApp, kuma in an gama gyara ka sa a mayar da fayil ɗin PDF kafin a buga, don kada shafuka su zame daga wata kwamfuta zuwa wata. Makon miƙa aiki wurin ba masaka tsinke, da safe kafin rana ta ɗaga ya fi sauƙi, ranar Juma'a kuma suna rufewa tun kafin a tafi masallaci sai bayan la'asar.

Ɗinki iri biyu suke yi. Mai zoben roba da farin leda a gaba nan take ake yi, shi na miƙa don gyaran farko. Mai bango mai tauri da rubutun ruwan zinari ba a shagon ake yi ba, wani suke kai wa a cikin gari, sai ya kwana. Nawa ya dawo da kyau, gam ya kama, ba shafin da ya juye. Ka rubuta musu sunanka da lambar ɗalibta da manyan baƙaƙe a takarda daban, don in an buga zinarin ba ya gogewa. Kafin ka bar shagon kuma ka tsaya a kan yaron ya goge fayil ɗinka daga kwamfutar, ya buɗe kwandon shara ya goge shi a can ma, ya share shi daga WhatsApp ɗin shago. Ni sai da na ga an yi duka ukun na biya kuɗi na tari kabu-kabu.