Corolla ko Accord a Titunan Bauchi

Masu sha'awar motoci a Bauchi sun daɗe suna ja-in-ja kan Toyota Corolla da Honda Accord, musamman ƙirar 2003 zuwa 2007 da ake shigowa da su na hannu. Accord, wadda dillalai suka laƙaba wa ƙirarta ta 2003 zuwa 2005 suna EOD (wato End of Discussion), tana da injin lita 2.4, ga faɗin ciki, kuma idan ta ɗauki hanyar Gombe ta Alkaleri takan kwanta luf a kan kwalta har direba ya manta da nisan tafiya. Sai dai ƙafarta tana son kulawa, domin idan aka yi sakaci da sauya bol-joyin, wato mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota, rami ɗaya ya isa tayar gaba ta karkace ta shige ƙarƙashin mota.

Corolla kuwa injinta lita 1.8 ne, ba ta da wannan ƙasaita, amma ba ta shan mai sosai, abin da kowa yake lissafawa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Kayan gyaranta ba sa wuyar samu, kowane bakanike ya san cikinta, kuma darajarta ba ta faɗuwa ranar sayarwa. Ga magidanci mai dogaro da albashi, ita nake ba da shawara.