Dare guda tare da masu tsaron kunkurun teku a gaɓar Ibeju-Lekki, jihar Legas

Wanda ya tashi a Arewa, idan aka ce kunkuru, abin da yake zuwa masa a rai shi ne ɗan ƙaramin nan na cikin gona, ko kififfiyar tafki. Shi ya sa da wani maƙwabcinmu a Agege, wanda yake saro kifi daga ƙauyukan masunta da ke gaba da Eleko, ya ba ni labarin wasu 'yan sa-kai masu kai baƙi kallon kunkurun teku da dare a kan kuɗi kaɗan, na ɗauki 'ya'yana biyu muka tafi a watan Disamba, lokacin da ake cikin kakar saka ƙwai.

Zan fara da abin da bai yi mini daɗi ba. Motar da suka yi alkawarin za ta ɗauke mu a Ajah ta makara sosai, kuma da muka isa babu wurin alwala ko makewayi mai tsafta, alhali akwai mata da yara a cikin tawagar. Bayanin farko ma da Turanci da Yarbanci kaɗai aka yi shi, sai da na riƙa fassara wa ƙaramar.

Amma da muka sauka kan rairayi, sai na gane cewa mutanen nan sun san aikinsu. Jagorar ta hana kunna kowace irin fitila sai tocila mai jan haske, ta kuma bayyana dalili: farin haske yakan firgita uwar ta koma ruwa ba ta saka ƙwai ba, su kuma 'ya'yan idan sun ƙyanƙyashe hasken sararin teku suke bi, don haka fitilun gidajen da ake ta ginawa a gaɓa sukan ɓatar da su zuwa tudu, inda karnuka da ƙaguwa suke jira. Daga cikin nau'o'in kunkurun teku 7 da ake da su a duniya, 5 suna zuwa ruwan wannan yanki namu.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka tarar da wata uwar kunkuru mai launin zaitun tana haƙa rami da ƙafafunta na baya, tana ɗebo yashi a hankali kamar mace mai kwasar tuwo. Muka durƙusa a bayanta, muna jin nishinta, har ta zuba ƙwai kusan 100, farare masu taushin ɓawo. 'Yata ta matse hannuna ta ce, "Baba, kuka take yi." Jagorar ta ce ba kuka ba ne, gishirin da ya yi mata yawa a jiki take fitarwa ta idanu. Bayan ta rufe ramin ta koma teku, sai suka kwashe ƙwan ba tare da juya ko ɗaya ba, suka binne a wani killataccen wuri daidai zurfin da uwar ta haƙa, saboda zafin yashi ne yake yanke jinsin abin da za a ƙyanƙyashe bayan kamar wata biyu. Idan ya yi yawa mata ne suke rinjaya. Masana sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin 1,000 ne yake kai ga girma.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda suke tafiya da masunta. Dokar Najeriya ta hana kama waɗannan dabbobi da sayar da su, sai dai doka ba ta ɗinke wa masunci komarsa. Kunkuru iska yake shaƙa, idan ya daɗe a cikin raga sai ya nutse, kuma kafin a ciro shi da rai sau da yawa sai an yanka ragar, wadda ita ce jarin gidan gaba ɗaya. Wani dattijo da yake sintiri tare da mu ya ce da can kasuwa yake kai duk wanda ya kama domin ya mayar da asararsa, yanzu kuwa waya yake yi wa 'yan sa-kan, su biya kuɗin gyaran raga daga abin da baƙi irinmu suke bayarwa. A ganina wannan shi kaɗai ya isa ya sa kuɗin shigar ya cancanci biya.

Duk da haka ya kamata su rage yawan mutanen da suke ɗauka a dare ɗaya, domin mun fi ƙarfin jagora guda, har wani ya haska kunkurun da wayarsa kafin a ankara. Mai niyyar zuwa ya tafi da rigar sanyi da butarsa, ya kuma sani cewa tun farko sukan faɗa wa baƙi gaskiya: akwai daren da za a kwana ana yawo ba a ga komai ba sai sawu a kan yashi.