Kafin ka sayi abincin da babu gulutin: wa yake amfana, wa kuma yake zubar da kuɗinsa

Ɗebi fulawa kofi ɗaya ka kwaɓa da ɗan ruwa har ta haɗe, ka bar ta ta huta kamar minti 20, sannan ka tsoma ta a kwanon ruwa kana murzawa a hankali. Ruwan zai yi fari tas, sitaci ne ke fita. Ka yi ta sauya ruwa har ya daina yin fari. Abin da zai rage a tafin hannunka ɗan curi ne mai danƙo, in ka ja ya miƙe, in ka saki ya koma. Shi ne gulutin. Furotin ne da Allah ya halitta a cikin ƙwayar alkama, kuma shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi ya yi laushi. Akwai danginsa a cikin sha'ir da hatsin rayi.

Wannan ɗan curin ne ya zama abin gudu a shekarun nan. Manyan kantuna sun ware sashe guda na burodi da taliya da biskit da garin kek masu ɗauke da rubutun "gluten free", wato babu gulutin, wasu da hoton zangarniyar alkama an ja mata layi. Kusan ko'ina sun fi takwarorinsu na alkama tsada, sau da yawa ninki biyu. Mai saye kuwa da kyakkyawar niyya yake ɗauka: yana so cikinsa ya daina kumbura, ko ya rage ƙiba, ko dai ya ji ana cewa alkama na jawo ciwo. To amma kayan iri ɗaya ne, masu sayen ne kashi-kashi, kuma kafin ka zura hannu a aljihu ya kamata ka san a wane kashi kake.

Na farko shi ne mai cutar siliyak. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na ɗauke da ita, da yawansu kuma ba su sani ba. A jikin irin wannan mutum, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta tashi ta far wa bangon hanjin kansa. Bangon nan cike yake da 'yan ƙananan tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini, cutar kuma tana goge su har wurin ya koma sumul. Daga nan sai mutum yana ci jiki ba ya samu: gudawa mai maiƙo, rama, ƙarancin jini da ya ƙi jin magani, ƙashi mai saurin karyewa, yaro ya ƙi girma, wasu kuma ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Likitan Ingila Samuel Gee ya siffanta cutar tun 1888, amma ba a kama bakin zaren ba sai ta hannun wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke. A yunwar da ta auka wa ƙasarsa tsakanin 1944 da 1945 burodi ya yanke, sai ga yaran da ke fama da cutar suna murmurewa. Da burodi ya dawo kuma suka koma gidan jiya. A 1950 ya gabatar da bincikensa a kan haka. Har yau maganin dai ɗaya ne, barin gulutin kwata-kwata iya tsawon rai. In an ce kwata-kwata, ba ƙarin gishiri ba ne: wani gwaji da aka yi a Italiya, aka buga a 2007, ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum na tsawon kwana 90 ya isa ya taɓa bangon hanjin mai cutar. Wannan bai wuce ɗan gutsuren burodin da za ka tsinta da yatsu biyu ba.

Kuskuren da ya fi damuna a wannan lamari shi ne mutum ya yanke alkama da kansa tukuna, daga baya ya tafi asibiti. Wata ƙanwata ta yi haka. Wata 8 ba ta taɓa komai na alkama ba saboda kumburin ciki, ta ɗan ji dama, sannan ta je a gwada ta. Likita ya ce mata gwajin ba zai faɗi komai ba, domin abin da ake nema a jini, wanda ake kira tTG-IgA, garkuwar jiki ce ke fitar da shi lokacin da take faɗa da gulutin. In babu gulutin a ciki, sai ya ragu har ya ɓace, hanjin ma ya fara warkewa. Dole ta koma ci. Ina tuna ta zaune da yankan burodi a faranti tana jujjuya shi, ta kasa kai wa baki saboda tsoron da ta riga ta cusa wa kanta. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta ce mai shirin gwajin ya ci abinci mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana na aƙalla mako 6. In jini ya nuna alama, ga manya akan zura na'urar duba ciki ta baki a ɗebo ɗan tsokar hanji don tabbatarwa. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa, ɗan'uwansa ko ɗansa ke da cutar ya fi kowa buƙatar gwajin, don kusan 1 cikin 10 na irin waɗannan makusanta na da ita. Haka ma mai ciwon sukari nau'i na ɗaya. Gwajin nan shi ne abu na farko da ya cancanci kuɗinka, kafin kowace leda.

Kashi na biyu masu borin jini ne da alkama. Nasu daban ne kuma ba ya ɓoyuwa: cikin mintuna ko 'yan sa'o'i da ci sai jiki ya fashe da ƙuraje, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. Ya fi yawa a yara, da dama kuma sukan rabu da shi in sun girma. Su alkama kawai ce abokiyar gabarsu, galibi suna iya cin sha'ir.

Kashi na uku su ne masu yawa, kuma a nan ƙanwata ta faɗa da sakamakonta ya fito babu siliyak: an gwada ba a ga komai ba, amma in sun ci burodi ko taliya ciki ya cika da iska, ya yi ta murɗa. Ciwon gaskiya ne, kada kowa ya ce musu raki suke yi. Tambayar ita ce ko gulutin ne mai laifin. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya, ƙarƙashin Peter Gibson, sun buga sakamako a 2011 da ya nuna kamar shi ne. Su da kansu suka sake gwajin da ƙarin tsauri a 2013 da mutum 37: suka fara rage musu wasu nau'o'in sukari masu wuyar narkewa da ake tarawa ƙarƙashin sunan FODMAP, sai mutanen suka samu sauƙi, da aka mayar musu da gulutin a ɓoye, ba a ga wani takamaiman lahani da za a jingina masa ba. A 2018 wani gwaji a Oslo ta ƙasar Norwe da mutum 59 ya ƙara haske. An ba su abinci iri uku masu kama ɗaya, wani da gulutin, wani da furuktan (ɗaya daga cikin sukarin FODMAP ɗin nan), wani babu ko ɗaya, kuma wanda ya fi tayar musu da ciki shi ne mai furuktan. Furuktan ɗin nan yana cikin alkama, amma yana nan dam a albasa da tafarnuwa ma. Ƙaramin hanji ba ya narkar da shi, sai ya gangara babban hanji ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da shi, iska ta taru. Ka ga kenan mutum zai iya barin burodi ya ji sauƙi da gaske, ya ɗora wa gulutin laifi, alhali jifa ce ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Sauran jama'a, masu ƙoshin lafiya da ke neman ƙari, su kam ba a samu hujjar da ta ce barin gulutin zai ƙara musu komai ba. Mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani nazari a 2017 da ya bi ma'aikatan lafiya sama da 100,000 a Amurka na tsawon shekara 26, bai ga alaƙa tsakanin cin gulutin da ciwon zuciya ba. Abin da masu nazarin suka ja kunne a kai shi ne mai gudun gulutin kan rage cin hatsi mai dusarsa, wanda shi ke kare zuciya. Ana yawan kafa hujja da ɗan wasan tanis Novak Djokovic, da ya bar gulutin a 2010 ya kuma lashe manyan kofuna 3 a 2011. Amma da aka gwada 'yan tseren keke 13 marasa siliyak a 2015, mako guda da gulutin, mako guda babu, ba tare da sun san wanne suke ci ba, gudunsu bai canza ba. Wanda ya rame bayan barin alkama kuwa, in ya duba da kyau zai ga abin da ya bari a zahiri kek ne da biskit da soye-soyen fulawa.

Yanzu ga abin da ke gabanka a kanti. Juya ledar burodin nan marar gulutin ka karanta bayanta. Yawanci za ka ga garin shinkafa, sitacin masara, sitacin dankali ko na rogo, sai danƙon zantan da ke maye gurbin gulutin, sai mai da sukari don ɗanɗano ya zauna. Abin da ke ƙaranci shi ne furotin da harza, wato ɓangaren abinci da ke taimakon hanji ya hana bahaya tauri. Ga kuma wani giɓin: ƙasashe da yawa sun wajabta ƙara sinadarin ayon da folik asid a fulawar alkama, dokar kuma galibi ba ta hau kan waɗannan garurrukan ba, abin da ya kamata mace mai ciki ko mai neman ciki ta lura da shi. Duk da haka ba na raina kayan. Ga yaro mai siliyak da ke son ya ci biskit kamar sauran yara, ko matafiyin da bai san yadda aka dafa abincin hanya ba, rahama ne. In za ka saya, ka san ma'aunin: ƙa'idar Codex ta duniya, da ta Amurka tun 2013, da ta Tarayyar Turai, duk sun tsaya a miligiram 20 na gulutin cikin kilo ɗaya na abinci kafin a rubuta babu gulutin. A Turai akwai wani rubutun dabam mai nufin gulutin kaɗan ƙwarai, shi kuma yana kaiwa 100, don haka kada ka rikita su. Rubutun "babu alkama" ma ba ya nufin babu gulutin, domin malt daga sha'ir ake yinsa. Akasin haka ma na faruwa: wasu kayan marasa gulutin da sitacin alkama da aka wanke ake yinsu, sun dace da mai siliyak amma ba su dace da mai borin jini ba. Tsakanin leda biyu, ɗauki wadda harzarta ta kai giram 6 cikin 100, ko aƙalla 3.

Zaɓin da na fi so ga duk wanda dole ya bar gulutin shi ne ya gina cimarsa a kan abin da tun asali babu shi a ciki: masara, gero, dawa, shinkafa, dankali, rogo, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama, madara, ganyaye da 'ya'yan itace. Ya fi araha, ya kuma fi gina jiki. Sai dai mai siliyak ya kula da injin niƙa, don in an niƙa alkama a cikinsa garin da ya biyo baya ya gurɓata. Haka man da aka soya abu mai fulawa, da rariya, da allon yanka burodi. Hatsin ots shi kansa babu gulutin, amma yakan cakuɗa da alkama tun daga gona, sai a nemi wanda aka rubuta an tantance. Miyar waken soya ta kwalba yawanci da alkama ake haɗa ta, wasu tsiran naman leda ma da fulawa. Kada kuma a jingina da shinkafa kaɗai safe da yamma, domin ta fi sauran hatsi zuƙo sinadarin arsenik daga ƙasa da ruwa. A riƙa sauyawa.

Wanda kuwa gwaji ya wanke shi kuma alkama ba ta damunsa, a ganina kuɗinsa ya fi amfani in ya canza irin alkamar da yake ci. Ya bar farar fulawa ya koma ga wadda aka niƙa da dusarta, ya tabbata ita ce farko a jerin kayan haɗi, don launin ruwan ƙasa kaɗai ba shaida ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana, kuma alkama mai dusa na cikin hanyoyi mafi sauƙi na cike wannan. Mai kumburin ciki zai iya gwada burodin da aka bari ƙullunsa ya yi tsami na dogon lokaci, domin tsamin na cinye wani kaso na furuktan. Mai siliyak kada ya kusance shi, gulutin na nan.

In kana kashi na uku, bayan gwaji ya fito babu siliyak, yi abin a tsanake, in da hali tare da masanin abinci. Rage alkama da albasa da tafarnuwa da sauran masu tayar da ciki na mako 2 zuwa 6 kawai, kana rubuta abin da ka ci da yadda ka kwana, sannan ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan kwanaki. Ganin jini a bahaya, ko rama ba dalili, ko gudawar da ke tashin ka da dare, ba na gwajin gida ba ne, likita za ka nufa. Ƙanwata da littafinta ta gano tana cin yanka biyu na burodi lafiya lau. Ranar da ta haɗa taliya faranti cike da ɗanyar albasa ce take kwana riƙe da ciki.