Kafin ka sayi koyin na ajiya, duba wa zai riƙa kaɗa ƙuri'a da sunanka

Jama'a masu sayen koyin na kirifto, wato kuɗin intanet, don ajiya, ba 'yan danna waya a Telegram ba, waɗanda suke so su saya su manta da shi shekara biyu uku, akwai abin da ba a cika dubawa ba sai farashi kawai. Da yawa daga cikin manyan koyin ɗin nan suna zuwa da ƙuri'a, kuma da ƙuri'ar ake yanke shawarar ƙara yawan koyin ko rage shi, da wanda za a ɗebar wa kuɗi daga baitulmalin tsarin. Mafi yawanmu ba ma zaɓen, ba lokaci ba data, ƙudirin ma da turanci mai kauri ake rubuta shi, shi ya sa aka kawo tsarin wakilci, ka miƙa wa wani ƙuri'arka ya riƙa kaɗa maka. Duk wanda ya ga yadda daliget ke yi ranar zaɓen fidda gwani, ya tafi da sunan mazaɓa ya dawo da ambulan ɗin dala, ya san inda matsalar take. To ni abin da nake dubawa guda biyu ne, in na ga wakilin nan ya canza zan iya ƙwace ƙuri'ata yau ɗin nan, kuma kuɗina za a ɗaure min su ko suna hannuna.

Bari in fara sallamar waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani. Barin koyin a manhajar kasuwar canji, wannan ba ka da ƙuri'a kwata-kwata, su ke da ita. A watan Maris 2020, bayan attajirin kirifto Justin Sun ya sayi Steemit, kamfanin da ya gina tsarin Steem, a Fabrairu, da koyin ɗin kwastomomi kasuwannin canji na Binance da Huobi da Poloniex suka kaɗa ƙuri'ar da ta tuntsurar da shugabannin Steem, daga baya Binance da Huobi suka janye, amma mutanen gidan sun riga sun yi zuciya sun ɓalle sun kafa Hive. Shikenan zancen wannan.

Na ɓangaren Ethereum irin su UNI na Uniswap da ARB na Arbitrum da COMP na Compound, ba a ɗaure maka kuɗi, wannan na yaba, amma ƙuri'arka ba ta da rai sai ka miƙa ta ga wani ko ga kanka, kuma wasan na masu ƙumbar susa ne. A Fabrairu 2023 kamfanin a16z shi kaɗai ya jefa UNI miliyan 15 a zaɓe guda. Arbitrum a Afrilu 2023 aka kawo wa mutane ƙudirin ARB miliyan 750 su zaɓa, ashe an riga an fara taɓa kuɗin. Compound kuwa a Yuli 2024 wani gungu da ake kira Golden Boys suka tara ƙuri'u suka wuce da ƙudiri na 289 na ɗebar COMP 499,000, kusan dala miliyan 24, sai da aka zauna sulhu suka haƙura. Kai da ARB ɗinka ɗari biyu na eyadirof, wato rabon koyin na kyauta, me za ka tsinana a nan.

Polkadot akwai basira a ciki gaskiya, tun da suka kawo OpenGov a Yuni 2023 kana iya ba wa mutum ɗaya ƙuri'ar harkar baitulmali, wani daban ka ba shi ta harkar fasaha. Inda na tsaya shi ne nauyin ƙuri'arka da ɗauri ake sayensa, in ba ka yarda a kulle koyin ɗinka na DOT ba kashi ɗaya cikin goma ake lissafa maka, in kana son ninki shida sai ka yarda da kulle na kwana 224. Mai kuɗin da ba ya buƙatar nasa shi zai iya, ni da kuɗin makarantar yara ke jirana a Satumba ba ni ba wannan.

Cosmos ita ce ta kusa sace min zuciya. A can in ka yi sitakin ɗin koyin ɗinta ATOM, wato ka jingina shi don samun riba, wajen balideta, mai na'urar da ke tabbatar da hada-hadar tsarin, duk abin da ya zaɓa kai ma ka zaɓa ke nan, amma in ka shiga da kanka ka kaɗa, taka ta goge tasa a kan kasonka, a wannan ƙudirin kaɗai. Wlh wannan abu ya yi. Kuma an ga amfanin mutane su tashi, a Nuwamba 2022 ƙudiri na 82 na garambawul ɗin da aka kira ATOM 2.0 ya faɗi saboda masu hawa kujerar naƙi sun haura kashi ɗaya cikin uku, a Nuwamba 2023 kuma na 848 ya wuce da ƙyar ya mayar da ƙarin koyin na shekara zuwa kashi 10 cikin ɗari, har Jae Kwon ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tsarin ya yi fushi ya kama hanyar kafa wani tsarin daban, AtomOne. Sai dai ƙuri'a da sitakin a haɗe suke, kuma cire kuɗi daga sitakin kwana 21 ne ba ragi. Na taɓa samun kaina a wani tsarin mai irin wannan jiran, balidetan da na bi ya yi ɗif watanni ba zaɓe ba bayani, sai kwamishonsa da ya ɗaga, ga kasuwa tana gangarowa ga hidimar salla ta matso, ina kallon kuɗina a fuskar waya kamar na wani. Tun lokacin duk tsarin da ya ce min jira, na gode.

Wanda na tsaya a kai shi ne Cardano, kuma ba zan ɓoye ba. Sun kunna mulkin al'umma a mataki biyu, Chang a 1 ga Satumba 2024 sai Plomin a 29 ga Janairu 2025, aka raba iko gida uku, wakilan masu koyin da ake kira DRep, masu tafiyar da ful na sitakin, wato balidetocin Cardano, da kwamitin kundin tsari. Abin da ya burge ni, koyin ɗinka na ADA ba ya motsawa daga walet ɗinka, wato jakar ajiyar koyin, ko nan da can. Ba kulle, ba kwanakin jira, yau ka miƙa ƙuri'a anjima ka ga buƙata ta taso ka sayar da abinka. Sannan wanda ka ba wa sitakin daban, wanda ka ba wa ƙuri'a daban, ba dole mai ba ka riba ya zama shi ne bakinka ba. Kuɗin canza wakili bai kai rabin ADA ɗaya ba, canjin kuma yana kama aiki da an shiga sabon zango, zangonsu kwana biyar ne.

Tun bayan Plomin ba ka iya cire ribar sitakin sai ka zaɓi inda ƙuri'arka za ta, shi ya sa mutane da yawa suka danna duk abin da walet ta fara nuna musu don dai su kwashi ribarsu su wuce. Nan ne nake so a nutsu, don zaɓi huɗu ne a gabanka kuma ba ɗaya suke ba.

Akwai ƙauracewa, Abstain, wato ba ka tare da kowa, ana cire kasonka daga lissafi gaba ɗaya. Mutane na ganin shi ne zaman lafiya, amma duk wanda ya ƙaurace ya rage yawan da ake lissafi da shi, manyan da suka rage nauyinsu ya ƙaru ke nan. Akwai No Confidence, wannan na masu fushi ne, kullum ƙuri'arka a'a ce a kan komai, sai ranar da aka kawo ƙudirin tsige kwamiti ta zama e. Sai ka zama DRep da kanka, ka ajiye ADA 500 da za a mayar maka ranar da ka sauka, amma fa aiki ne, karatu ne ba na wasa ba, kuma in ka yi zango 20 ba ka kaɗa ko ɗaya ba sai a ɗauke ka a matsayin wanda ya yi barci a daina lissafa ka. Na huɗun shi ne nawa, ka nemo DRep matsakaici mai rai ka ba shi.

Me ya sa matsakaici, saboda ƙuri'un sun riga sun taru a saman, DRep na walet ɗin Yoroi da na kamfanin Emurgo sun daɗe a sahun gaba, kuma ba ƙaramin kuɗi ake magana ba. Ɗebar kuɗi daga baitulmali na buƙatar kashi 67 cikin ɗari na ƙuri'un DRep da amincewar kwamiti, masu ful ba su da baki a wannan, kuma a Agusta 2025 ta wannan hanyar aka amince wa kamfanin Input Output da kusan ADA miliyan 96 na aikin gina tsarin. Wani abu da ba kowa ya sani ba, DRep da yake cikin lissafi amma bai kaɗa a kan ƙudiri ba, shirunsa a'a ne, don daga jimilla ake auna masu e. Ka ga malalacin wakili ma yana yanke hukunci da kuɗinka bai sani ba. Don haka kafin ka ba shi ka buɗe tarihinsa a shafin GovTool ko na Cardanoscan, ka ga ƙudiri nawa ya kaɗa, yana rubuta dalili ko danna e kawai yake, ya taɓa cewa a'a ga manya kuwa, kuma yana cikin masu neman kuɗin baitulmalin da yake zaɓe a kai ko ba ya ciki. Wanda bai taɓa cewa a'a ba ni ban yarda da shi ba. Aibin Cardano ɗaya da nake ji a raina, ba ka iya goge ƙuri'ar wakilinka a kan ƙudiri guda kamar Cosmos, sai dai ka sauke shi baki ɗaya, to tunda saukewar ba tsada ba jira na haƙura.

Yanzu maganar ɓarayi, don Allah wannan ku karanta ko kun tsallake sauran. Miƙa ƙuri'a ba ya buƙatar ka tura wa kowa koyin, ko ɗaya. Duk wanda ya ce turo ADA ko ATOM zuwa wannan adireshin don a yi maka rajistar zaɓe ɓarawo ne, ko da hoton Charles Hoskinson wanda ya kafa Cardano ya sa, bidiyon bogi na turo ɗaya a mayar maka biyu shekaru ke nan suna yawo a YouTube da fuskarsa. Kalmominka na sirri 12 ko 15 ko 24 ba shafin zaɓen da ke tambayarsu, ba admin ɗin da ke tambayarsu, wanda ya fara yi maka magana ta inbos yana cewa shi ma'aikacin taimako ne ka toshe shi kafin ya gama sallama. Za ka buɗe walet ka tarar da wani NFT, wato hoton dijital, da ba ka saya ba an rubuta ka ci kyautar masu zaɓe ga linki, kar ka taɓa, shafin zai fito tsaf irin na gaske, ka sa hannu a kan abin da kake zaton karɓar kyauta ne ashe takardar kwashe walet ce. Kuma kar ka ce ai daga shafin hukuma na gani, a Disamba 2024 an yi kutse a shafin X na Cardano Foundation kansa aka tallata koyin na bogi. A ɓangaren Ethereum in ka je miƙa ƙuri'a walet ta nuna maka approve ko permit maimakon delegate, rufe kawai, izinin taɓa kuɗinka ake nema.

Akwai kuma masu kwaikwayon suna. Kowa na iya rajistar DRep ya sa sunan wani sananne da hotonsa, lambar da ke farawa da drep1 ita ce shaida, ka ɗauko ta daga inda mutumin da kansa ya wallafa, ka gwada farko da ƙarshe. Sai masu sayen ƙuri'a, su ma sun iso, a Afrilu 2025 wani ya biya ETH 5 a shafin sayar da ƙuri'a na LobbyFi, wajen dala dubu goma, ya samu ƙuri'ar ARB sama da miliyan 19 a zaɓen wani kwamiti na Arbitrum. In aka ce ka miƙa mana ƙuri'arka za mu riƙa ba ka ɗan wani abu duk wata, ka tambayi kanka wa ke biya kuma me yake so a ɗebar masa. Ƙudirin ma kansa yana iya zama tarko, a tsarin Beanstalk a Afrilu 2022 da bashin walƙiya, wato wanda ake karɓa a biya nan take, wani ya ari ƙuri'u na 'yan daƙiƙu ya wuce da ƙudirinsa, asarar ta kai dala miliyan 182, a tsarin Tornado Cash a Mayu 2023 mutane suka zaɓi ƙudirin da aka ɓoye wa mugun umarnin kwamfuta a ciki, mai shi ya wayi gari da ikon komai. Wakilin da ba ya karanta abin da ke ƙarƙashin take bai fi ka da komai ba.

Su kuma 'yan guruf ɗinmu na WhatsApp masu turo saƙo kowa ya je ya danna e a lamba kaza don a cancanci eyadirof, haba 'yan uwa, a ƙalla a buɗe a ga nawa ake nema kuma aljihun wa za shi. Ni dai walet ɗin da nake ajiya daban da wadda nake gwaje-gwaje, adireshin GovTool na ajiye shi a burauza ba na bin na talla a Google, kuma duk ƙarshen wata nakan leƙa in ga me DRep ɗina ya kaɗa, in ya yi shiru zango huɗu biyar ba bayani sai in sauya.