Gidan hoton da ya gyara mini dusar ƙanƙarar Tubkal

A watan Janairun da ya gabata, bayan mun kammala ziyara a Fas, na ratse zuwa ƙauyen Imlil da ke cikin duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, inda masu hawan dutsen Tubkal suke soma tafiyarsu. Dutsen yana da tsawon mita 4,167, kuma babu wanda ya kai shi a Arewacin Afirka. Na dawo Gusau da hotuna fiye da 200 na tsaunuka lulluɓe da dusar ƙanƙara, na mayar da wasu baƙi da fari a wayata, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce kamar dutsen Kwatarkwashi ne ranar da hazo ya sauka. Wannan ne ya kai ni wani gidan hoto a Tudun Wada, wanda wani dattijo yake riƙe da shi tun zamanin fim, kuma ban da ɗaukar fasfo da hotunan biki yana karɓar aikin dubawa da gyara da wankewa.

Abin da ya fi amfanar da ni a wurinsa shi ne dubawar. Ya buɗe hotunan a kwamfuta, ya yi shiru yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Alhaji, kyamararka ta yi maka wayo." Bayaninsa shi ne, na'urar auna haske da ke cikin kyamara tana ɗaukar duk abin da ke gabanta a matsayin ruwan toka matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, saboda haka idan fari ya cika fuskar hoto sai ta rage haske har farin ya dusashe. Maganin abin tun a wurin ɗauka yake: a ƙara haske da mataki 1 zuwa 2 (kowane mataki yana ninka hasken da ke shiga kyamara), ana duban jadawalin hasken da kyamara take nunawa, kada tudunsa ya manne da bangon dama, domin farin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da shi. Da na ce, "Baba, ke nan duk sun lalace?" sai ya ce wanda ya yi duhu kaɗan yana da magani, musamman waɗanda na ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Na JPEG kuwa, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, da yake matakan haskensu 256 ne kacal a kowane launi, da an ja su da ƙarfi sai sararin sama ya fito layi-layi.

Cikin tarin nan guda 6 kawai ya yarda ya taɓa, kuma ba su ne waɗanda nake alfahari da su ba. Hoton ƙololuwa da na fi so ya ajiye shi gefe, ya ce an ɗauke shi da tsakar rana, babu inuwar da za ta nuna tudu da kwari, ga shi babu abin da zai gaya wa mai kallo girman dutsen. Ya zaɓi wani na hantsi, inda wani mutum yake jan alfadari a ƙasan gangare, ya yanke kusan rabin sararin saman da ba ya cewa komai. Na ji zafin hukuncin a lokacin, amma da aka jera hotunan biyu ban sami abin musu ba.

Wajen gyara, ya ƙi aiki da waɗanda na riga na cire wa launi, ya koma kan na asali a Lightroom, manhajar gyaran hoto, domin a can ne mutum yake da ikon cewa kowane launi ya zama wane irin toka. Ya rage shuɗi har sama ta yi duhu, farin dutse ya tashi a kanta, ya kuma ba ni labarin cewa Ansel Adams, mai ɗaukar hoto na Amurka, da jan gilashi a bakin kyamara ya sami irin wannan baƙar sama a hotonsa na dutsen Half Dome a 1927. Sai dai ya ja kunnena cewa inuwar da ke kan dusar ƙanƙara ita ma shuɗiya ce, tunda hasken sama ne yake sauka a cikinta, don haka wanda ya wuce gona da iri zai mayar da ita baƙi ƙirin, kuma wani farin zare zai bayyana a gefen tsauni. Daga nan ya bi hoton da kaɗan-kaɗan, yana haskaka nan yana duhunta can, aikin da ya ce a ɗakin wanki mai duhu da tafin hannu da guntun kwali suke yin sa. Har ɗigo-ɗigon ƙurar hunturunmu da na tafi da ita a cikin kyamara ya goge daga sararin saman.

Inda gidan ya gaza shi ne wankewa. Firintarsa da tawada mai launi take haɗa toka, shi ya sa hotunan suka fito da ɗan kore-kore idan an kai su hasken rana, kuma sun fi yadda muka gani a allo duhu, alamar hasken allon kwamfutarsa ya yi yawa. Takarda mai sheƙi kaɗai gare shi, irin ta hoton amarya, wadda ba ta dace da wannan aiki ba. An yi mini alkawarin kwana 2, rashin wuta ya mayar da su mako guda. Da na nuna masa koren bai yi gardama ba, ya sake wanke guda biyu kyauta, amma bambancin kaɗan ne.

Wanda zai je, ya tafi da hotunansa na asali a katin kyamara, kada ya tura su ta WhatsApp da ke matse su, ya kuma ware awa biyu na zama, domin dattijon ba ya gyara sai mai hoto yana gefensa. Ni dai na karɓi nawa shida a filas, zan nemi inda ake da baƙar tawada da ta toka a wanke mini na alfadarin nan babba.