Wayar shingen awaki mai ƙananan ido da masu kafa ta, bayan wata takwas ina amfani da ita

Jama'a na ce bari in rubuta wannan saboda lokacin da nake shirin fara kiwo kowa na tambaya sai ya ce min ai akuya ba ta da wahala, ka killace ta ka zuba mata dusa shi ke nan. Awaki biyar na fara da su, mata uku, bunsuru ɗaya da taure ɗaya, kuma kafin sati biyu na gane duk wanda ya faɗi haka bai taɓa bin akuya da gudu cikin lambun maƙwabci yana ba da haƙuri ba.

Shingen farko ni na yi abina da wayar walda, irin siririyar nan. Abin da ban sani ba shi ne akuya tana da son susa, za ta jingina da waya ta tafi tana goga jikinta daga wannan kusurwa har waccan, kullum fa, safe da yamma, sai waldar ta dinga ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, ƙasan ya kumburo waje kamar tumbi, ƙaramar cikinsu ta sa kai ta sulale sauran su biyo ta a layi. Da na gaji na kira masu kafa shinge, ba zan faɗi sunansu ba don akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Wayar da suka kawo saƙaƙƙiya ce, kowace mahaɗa ƙulli aka yi mata ba walda ba, shi ya sa in akuya ta danna sai ta ɗan lotsa ta dawo maimakon ta tsinke. Tsayinta ƙafa 4, idonta inci 4 kowane gefe. Ni da farko mai manyan ido nake so don ta fi sauƙin kuɗi, sai ogan nasu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya kama ƙahon wata akuyata ya gwada faɗinsa da yatsu ya ce, "Malam, ido mai inci 6 kai zai shiga, amma ƙaho ba zai bari ya fito ba, ranar da ba ka gida za ta yini a maƙale cikin rana." Wallahi wannan magana kaɗai ta biya kiran da na yi musu. Wata takwas ke nan babu wacce ta maƙale ko sau ɗaya.

Aikin kafawa ma ba laifi. Tsakanin sanda da sanda wajen ƙafa 8 zuwa 10, na kusurwa sun fi kauri kuma an tokare su, sannan ta ciki suka ja wayar yadda in dabba ta tura, wayar kan sandar za ta danna ba ƙusa za ta tuge ba. Na ce su ƙara min waya mai ƙaya ta ƙasa, dattijon ya ƙi, ya ce akuya ba ta tsoron ƙaya, kutsawa za ta yi ta yage hantsa ko kunne. A lokacin na ɗan ji haushi, kuɗina ne ai, amma yanzu na yarda da shi.

To ga inda suka gaza. Sakatar ƙofa da suka sa irin ta ɗagawa ce kawai, kwana uku ya ishi wata jar akuya mai wayon tsiya ta koyi ɗaga ta da leɓe, da idona na gan ta, ta tsaya da ƙafafun baya ta taɓa ta sau biyu ƙofa ta buɗe, ta ma waiwayo ta kalle ni. Sannan akwai wani ɗan kwari da ƙasa ta lotsa suka bar rata ta ƙasa, sai da na cike da duwatsu da kaina. Kwamin abinci kuma suka ajiye shi jikin shinge, bunsuru ya mai da shi matakala ya haura. Duk abin da akuya za ta iya takawa, kwami ne ko durom ko rufin ɗakinsu, a janye shi nesa da waya, wannan ya kamata a ce su suka faɗa min ba bunsuru ba.

Sun kuma ba ni takardar shawarar ciyarwa, wai kyauta ce ga sabbin masu kiwo. Rabinta daidai ne. Sun ce akuya ta fi son ganye da rassa a sama fiye da kiwon ƙasa irin na tumaki, don haka a ɗaga ciyawa a ragar da ke sama, kuma gaskiya ne, ciyawar da ta faɗi suka taka ko da yunwa ba sa komawa kanta, ga shi cin ƙasa yana ƙara musu tsutsar ciki. Sun ce busasshen abincin da akuya ke ci a rana ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 30 wajen kilo 1, da ruwa mai tsabta kullum, da kuma kar a ba su abin da ya yi fumfuna. Duk na amfana.

Ɗaya rabin ne ya kusa ja min asara. An rubuta a ba kowa dusa da hatsi sau biyu a rana don su yi saurin ƙiba, ni kuma sabon shiga na cika kwano har da tozo. Washegari na tarar da ɗaya ta tsaya gefe ta daina tuƙa, cikinta na hagu ya kumbura, ga zawo. Likitan dabbobi da ya zo shi ya warware min, ya ce tumbin akuya da ciyawa ya saba, hatsi mai yawa lokaci ɗaya tsami yake yi a ciki har ya kashe, sabon abinci kaɗan-kaɗan ake shigar da shi cikin kwana 7 zuwa 10, kuma masu ciki da masu shayarwa su suka fi buƙatarsa. Da ya ga taurena da kansa cikin kwanon dusa sai ya girgiza kai, ya ce maza musamman dandaƙaƙƙu yawan hatsi da dusa na tara musu tsakuwa a mafitsara fitsari ya toshe, saboda sinadarin fosfaros ya yi yawa a cikinsu, ana son sinadarin kalsiyam a abincin ya ninka shi sau 2. Dutsen lasa da suka haɗo min da shi ma ashe na tumaki ne, sinadarin jan ƙarfe a cikinsa kaɗan ne don tunkiya ba ta jure shi, akuya kuwa tana buƙatarsa sosai, ya ce in nemi na awaki, in da hali garinsa ba dunƙule ba don sun fi samun isasshe. Akuyar dai ta tashi bayan kwana huɗu, amma na sha zullumi.

In maki zan ba su, waya 5 cikin 5, kafawa 4, takardar ciyarwa 2, wannan kam a kai wa likita ya duba kafin a bi ta. Zan sake kiransu in zan faɗaɗa garken, amma sakata ni zan zaɓa. Sau uku na kira kan ta yanzu suna cewa gobe, har yau da sarƙa da kwaɗo nake rufe ƙofar, jar nan kuma kullum da safe sai ta je ta lashi kwaɗon ta gwada.