Tashar Bauchi a kan tebur: sharhina kan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa

Ɗana na fari shekararsa 9, kuma bai taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba. Dogo dai ya san shi, don muna tsallaka shi a babur duk ranar da za mu gaida kakarsa, ciyawa ta cinye rabinsa, awaki na kiwo a kai. Ni kuwa da albashin reluwe aka raine ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan dogo ne, cikin masu bin layi da guduma da sifana suna ɗaure duk abin da ya kwance. Shi ya sa da wani abokin aikina ya turo mini sanarwa ta WhatsApp cewa wasu masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa za su baje kolin aikinsu a zauren wata makaranta a nan Bauchi, ban tsaya shawara da kowa ba. Ranar Asabar bayan azahar na ɗora shi da ƙanwarsa a babur muka kama hanya.

Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, yara ma rabi aka karɓa. Zauren ba babba ba ne, kuma manyan tebura uku ne kawai a ciki, sai wata tabarma a kusurwa da zan zo kanta daga baya.

Teburin bakin ƙofa shi ya fara tara cincirindo. Kayan waje ne gaba ɗayansa: kan jirgi ƙirar Hornby, kamfanin Ingila, da taragai masu ƙyalli, da gidaje masu tsinin rufi, da bishiyoyin da ba mu da irinsu, har da wani farin gari da aka barbaɗa a kan tudu a matsayin dusar ƙanƙara. Mai shi ya ce a hankali ya tara su, wasu gwanjo ne, wasu saƙo ya bayar aka zo masa da su. Ya bayyana mana cewa ma'aunin da mutanen Ingila suka fi so ke nan, ana ce masa OO, komai kashi 1 ne cikin 76 na girman ainihin abin. Aikin kamfani kam ba a cewa komai, hatta ƙusoshin jikin tarago ana iya ƙirgawa. Yarana sun yi ta bin jirgin da ido yana zagayawa, sau biyar, sau shida, daga nan ƙaramar ta ja mini riga ta ce mu je gaba. Ni ma haka na ji a raina. Ya yi kyau, amma garin wasu ne.

Tebur na biyu na gwajin lantarki ne, da'ira ɗaya ba ado, inda wani matashi ke nuna yadda abin ke aiki. Wuta mai ƙarfin bolt 12 ce ke bi ta cikin ƙarafunan dogon guda biyu, ta hau ta ƙafafun jirgin ta shiga wani ɗan injin lantarki da ke cikinsa. In ka murɗa maɓalli wutar ta ƙaru, gudu ya ƙaru. In ka juya wayoyin, jirgin ya koma da baya. Ya bar ɗana ya murɗa da hannunsa, kuma na gode masa da wannan.

Amma abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne tebur na uku, can ƙuryar zauren.

Tashar jirgin ƙasa ta Bauchi ce suka gina, da hannu, daga kwali da katako da gwangwani. Rufin kwanon an yi shi da gwangwanin madara da aka buɗe aka matse shi ya yi ƙwarya-ƙwarya, aka shafa masa launin tsatsa. Ga tankin ruwa a kan ƙafafunsa. Ga ma'ajiyar kaya, a gabanta buhunan gyaɗa da aka ɗinka da ƙyallen buhu, kowanne bai kai ƙwayar wake biyu ba, da dilolin auduga na ainihin auduga. Bayan tashar duwatsu ne irin namu, baƙaƙe masu sulɓi, wani a kan wani, da kuka guda ɗaya da aka murɗa da waya aka lulluɓe da garin katako. Ba su manta da masu talla ba: yarinya da farantin gyaɗa a ka, mai rake da wuƙarsa, mai shayi da tebur. Jirgin kansa an yi masa fenti kore da ratsin rawaya, launin da duk wanda ya taɓa shiga jirgin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya zai gane tun daga nesa. Akwai tarago ɗaya na shanu, ƙahonni sun leƙo ta tsakanin katakai. Da na ga wannan sai ƙamshin man inji da ke jikin kakin mahaifina ya dawo mini a hanci. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba.

A gefen teburin an ajiye kujeru, wasu dattawa uku suna zaune, tsofaffin ma'aikatan reluwe ne da matasan suka gayyato. Ɗaya daga cikinsu, mai farin gemu da sanda, ya sunkuya ya ƙura wa layin ido, sannan ya kira yaron da ya jagoranci ginin.

"Ɗana, zo nan. Dogon nan naka ya yi faɗi."

Yaron ya rusuna ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Na san za ku gani."

Sai ya yi mana bayani, kuma bayanin ya burge ni fiye da in da ya musa. Ya ce ya gina komai a ma'aunin HO, kashi 1 cikin 87. Dogon da ake sayarwa na wannan ma'auni faɗinsa milimita 16.5 ne, in ka ninka sau 87 zai ba ka kusan 1,435, wato faɗin sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Namu na nan kuwa tsohon layi ne, milimita 1,067, saboda haka a kan tebur kamata ya yi ya zama kusan milimita 12. Akwai masu ƙera irin wannan dogon a waje, amma bai samu ba, kuma ko ya samu sai ya sake ƙafafun kowane tarago. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ƙara da cewa a sashen da ya yi aiki, abin da ake shimfiɗa dogo a kai ƙarfe ne ba katako ba, saboda gara. Yaron ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

Wannan 'yar muhawara ita ce mafi daraja a duk abin da na gani ranar. Mutumin da ya yi shekaru yana bin layi da ƙafa ya gane kuskuren da bai kai rabin santimita ba da ido kawai, yaron da bai taɓa shiga jirgin ba kuma ya amsa masa da lissafi. Ɗana yana tsaye a tsakaninsu, kansa na juyawa daga wannan zuwa wancan.

Daga nan hira ta ɓarke. Dattijon ya ba mu labarin zuwan dogo garin nan daki-daki. An fara shimfiɗa layin Borno a 1958 daga Kuru, kusa da Jos, da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dire Maiduguri a 1964, tafiyar kilomita wajen 640. Duk a zamanin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa ya riƙe ministan sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kabarinsa kuma yana nan cikin gari. Ya ce yana yaro lokacin da jirgi ya fara shigowa, mutanen ƙauyuka suka riƙa zuwa da guzurinsu don kallo kawai. Na faɗa masa sunan mahaifina. Ya yi shiru, ya ce sunan ba baƙo ba ne a kunnensa, fuskar ce ta ɓace masa. Ya yi masa addu'a, ya dafa kan yarana.

A nan ne kuma na gyara wani kuskure da na girma da shi. A jikin bango an manna hoton wani ɗan ƙaramin jirgin kwal, an rubuta Bauchi Light Railway a ƙasa. Tun ina yaro nake jin sunan, na ɗauka garinmu yake zuwa. Ashe bai taɓa taka birnin Bauchi ba. Daga Zariya ya tashi ya hau tudun Jos har Bukuru, an gama shi a 1914 don jigilar kuza, a lokacin da yankin ke ƙarƙashin lardin Bauchi. Faɗinsa milimita 762 ne kacal, aka kuma rufe shi a 1957, shekara huɗu kafin dogo na gaske ya iso mana.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Teburin bakin ƙofa ya yi tsit sai da aka tada janareta. Na Bauchi kuwa bai ko girgiza ba, don tun farko a kan batirin mota suka ɗora shi, wanda shi ma bolt 12 yake bayarwa. Wannan dabara ce ta wanda ya san garin da yake zaune. Abin da ya fi wahalar da dukkan teburan shi ne ƙurar hunturu. Tunda wuta ta kan dogo take bi, da zarar ƙura ta kwanta sai jirgi ya fara cijewa yana tsayawa. Kowane ɗan lokaci sai ka ga yaro ya bi layin da tsumma yana gogewa. Da sun rufe tagogin gabas, ko sun sa baje kolin a wani lokaci na shekara, da sun huta.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗa don ina son abin ya ɗore. Teburan sun yi wa yara tsawo. 'Yata shekararta 6, a kafaɗa na riƙe ta kusan rabin lokacin, kuma na ga uwaye mata masu goyo da ba su da halin ɗaga na biyu. Benci biyu da an jera a gaban tebur sun isa. Sannan 'yan takardun bayanin da aka manna duk da Turanci ne, alhali yawancin waɗanda suka shigo Hausa suke yi. An kuma kunna kiɗa a lasifika har yana danne muryar dattawan, sai da wani ya je ya roƙa aka rage.

Wanda ya fi damuna shi ne ba wanda ya naɗi maganar tsofaffin nan. Wayoyi sun fi ashirin a sama, kowa jirgin da ke zagaye yake ɗauka, ba wanda ya juya wayarsa ga mutumin da ke bayanin yadda ake ba direba hannu da fitila da daddare, da yadda ake gane ƙusar da ta saki daga ƙarar guduma. Jirgin kwali in ya lalace za a sake gina wani. Na yi wa ɗaya daga cikin masu shirya taron magana, ya karɓa da hannu biyu, ya ce za su bi su gida-gida. Ina roƙonsu kada su jinkirta.

Tabarmar kusurwa ta yara ce. An zube karan dawa, da langa-langa, da kwalayen ashana, da murafun kwalba, wani malami yana koya musu haɗa tarago. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara muna ja da zare a lungu, mun san wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, suna ne kawai ba mu ba ta ba. 'Yata ta haɗa taragai biyu da kwalin ashana, suna nan a kan tagar ɗakinsu, ba mai taɓawa. Ɗana kuma tun a hanya yake tambayata ko batirin babur zai iya tuƙa jirgi. Na ce masa zai iya.

Duk mai yara a Bauchi, in ya ji an sake shiryawa, ya kai su, kuma ya wuce kai tsaye ƙuryar zauren tun dattawan ba su gaji ba. Mun shiga da niyyar rabin awa, kiran la'asar ne ya fito da mu.

Kafin mu tafi na yi wa yaron da ya gina tashar alkawari. Fitilar hannu ta mahaifina, mai gilashi ja da kore, tana nan a ɗakin Inna cikin tsohuwar adaka, tare da kakinsa. Na ce zan kawo ta a ajiye a gefen teburin a karo na gaba, ko dattijon nan zai nuna wa yara yadda ake juya ta. Ban tambayi Inna ba tukuna. Juma'a za mu je gaishe ta, zan bari sai ta gama jin labarin jirgin daga bakin jikokinta sannan in kawo maganar.